Cokali Uku na Romo

Shekara uku Inna tana cewa a'a. Ba ta taɓa ɗaga murya ba, ba ta taɓa zagin kowa ba. A'a kawai take cewa, ta ci gaba da abin da ke gabanta. Ɗanta Dogo mai gyaran wutar lantarki ya roƙa a tsaye, ya roƙa a durƙushe, ya turo kawunnansa biyu, amma amsar ba ta canja ba. Ba zai fara aure da bazawara ba, bazawarar ma da ta girme shi da shekara biyu, wadda ta yi shekara biyar a ɗakin wani ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Auta, bazawarar da ake magana a kanta, ta san duk abin da aka faɗa, domin har shagon ɗinkinta ake kawo mata. Ta sha ce wa Dogo ya haƙura. Shi kuwa sai ya jingina da ƙofar shagon, kansa na gogar sama, ya ce, "Ki bar ni da tsohuwata. Na fi ki sanin inda makunninta yake."

Sai ga shi wata ranar Talata tsani ya zame da shi daga hawa na biyu na wani gini da yake ja wa waya. Ƙeyarsa ce ta fara isa ƙasa.

Kwana tara bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ya gane mutane, hannunsa na hagu yana motsi, amma magana ta ƙi fita, haɗiya kuma ta gagara. Likita ya ce maƙogwaron ne ya manta aikinsa. Duk abin da aka zuba masa a baki, maimakon ya bi hanyar ciki, huhu zai nufa. Aka zura masa wata siririyar roba ta hanci har cikin ciki, aka manne ta da filasta a kumatu. A saman gadonsa aka liƙa kwali da manyan baƙaƙe: KADA A BA SHI KOMAI TA BAKI.

Gado ashirin ne a ɗakin asibitin, nas biyu. Babbar cikinsu, wadda kowa ke kira Sista, ta tara dangi ta ce dole mutum ɗaya ya koyi ba shi abinci ta robar, sau shida a yini. Wan Dogo direban babbar mota ne, yau yana nan gobe ba ya nan. Ƙanwarsu tana ganin sirinjin ta toshe baki ta fita da gudu. Inna kuwa ta juyar da kai bango, hannunta na rawa a kan cinya.

Auta tana tsaye a bakin ƙofa, inda take tsayawa kullum ba tare da kowa ya ce ta shigo ba.

"Ni zan koya," ta ce.

Sista ta dube ta daga sama har ƙasa. "Ke wace ce tasa?"

Inna ce ta amsa, ba ta ko juyo ba. "Mai ɗinki ce."

"To mai ɗinki, matso. Wadda ta iya zura zare a allura ba za ta kasa wannan ba. Wanke hannu tukuna."

Haka ta koya. A ɗaga kan gadon sai ya zama kamar yana kishingiɗe. A duba baƙin layin da aka yi wa robar a bakin hanci, in ya matsa ko kaɗan kada a zuba komai, a kira nas. A ja da sirinji a ga ko na ɗazu ya narke ko yana nan kwance. Sannan a zuba farin abincin ruwan da asibiti ke haɗawa, ba zafi ba sanyi, kada a tura, a bar shi ya sauka da kansa. A bi shi da ruwa mai tsabta don kada robar ta toshe. Bayan nan ba a kwantar da shi sai an yi rabin awa.

Cikin kwana uku hannunta ya faɗa. Takan ɗaga sirinjin ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Ranka ya daɗe, yau me za a kawo? Akwai kaza, akwai kifi, akwai ƙafar sa. Duk na niƙe su sun zama fari, kada ka ce na cuce ka."

Sai rabin bakinsa ya ɗaga. Da ɗan yatsansa na hagu yakan ƙwanƙwasa ƙarfen gadon sau biyu, wato a ƙaro.

Inna tana kan tabarmarta a gindin gado tana kallonsu. Ba ta taɓa cewa sannu ba.

* * *

Ran da Dogo ya cika kwana goma sha tara a asibiti, Auta tana ɗaura ɗankwali da sassafe Gwaggo ta tare ƙofar ɗakin. Ita ta raine ta tun tana wata bakwai a duniya.

"Kin kalli madubi kuwa? Wuya duk ya fito kamar na kazar da ta yi kwanci."

"Gwaggo zan makara. Ƙarfe bakwai ne na farko."

"Ki makara ɗin! Mijinki ne? Ko ɗan'uwanki ne? Shago a rufe sati biyu, mata suna zuwa suna kwashe kayansu. Ki faɗa min tsakaninki da Allah, uwar nan ko ruwan sha ta taɓa miƙo miki?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Mai Yadi ya sake zuwa jiya," Gwaggo ta ce, murya ta sauko. "Shekara nawa kina sayen kaya a wurinsa, kin taɓa jin ya yi wa wani tsawa? Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun kama gabansu. Da bakinsa ya ce min bai damu ba ko ki haihu ko kada ki haihu, ke yake so. Wa ya taɓa faɗa miki haka?"

"Dogo ya faɗa."

"Dogo ya faɗa, uwarsa ta goge. Yanzu ma da wane bakin zai sake faɗa?"

Hawaye suka zubo wa Auta. Gwaggo ta kama fuskarta da hannu biyu, ita ma idonta ya kawo ruwa.

"Ba mugunta nake miki ba, 'yar nan. Gwiwata ta gama aiki, numfashina sai na zauna nake samunsa. Ba na so in mutu in bar ki kina wanke sirinji wa mutanen da ko sunanki ba sa iya kamawa. Na ce masa ranar Asabar zai ji amsa."

"Gwaggo..."

"Asabar na ce. Je ki, kada abincin mutane ya huce."

* * *

Da la'asar ɗin ranar, bayan ta gama ba shi na huɗu, Auta ta ɗauki sirinji da kofi ta tafi famfon da ke ƙarshen baranda. Ta tarar da layi, mata biyar a gabanta da kwanuka. Ta daɗe kafin ta samu wuri.

Da ta dawo sai ta ga an ja labulen gadon. Daga ciki tana jin tari, wani irin tari mai ruwa-ruwa, kamar mutum na shaƙewa a cikin kogi.

Ta yaye labulen.

Inna tana zaune a gefen gado, ƙaramin filas a buɗe a kan cinyarta, ƙamshin romon kaza ya cika wurin. Dogo ya yi ja, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, idonsa na zubar da ruwa. Da Inna ta gan ta sai ta cusa cokalin a ƙarƙashin mayafi.

"Inna! Me kika yi?"

"Rufe min baki, kada ki tara min jama'a. Cokali uku ne kawai. Ya haɗiye, da idona na gani."

Auta ta saki kofin da sirinjin, ta tallabo Dogo ta karkata shi gefe tana bubbuga bayansa. Ta juya za ta ƙwala wa Sista kira, Inna ta damƙe mata hannu. Karo na farko ke nan da tsohuwar ta taɓa jikinta.

"Don girman Allah kada ki kira ta. Kin ga ai ya lafa. Dube shi, ya lafa."

Tarin kuwa ya lafa. Dogo ya koma ya jingina yana haki, ya lumshe ido. Auta ta tsaya tana kallon hannun Inna a kan nata, ta kalli kwalin da ke saman gado, ta sake kallon tsohuwar da ke roƙonta da ido.

Ba ta kira Sista ba. Ta durƙusa ta tsince sirinjin daga ƙasa, ta koma famfo ta sake wanke shi.

* * *

Washegari da ta iso, gadon babu kowa. An naɗe katifar.

Mutumin gadon kusa ne ya ce mata, "Yi haƙuri baiwar Allah, da ransa. Zazzaɓi ne ya rufe shi, numfashi ya ƙi. Sun hau da shi sama, ɗakin masu tsanani."

A sama akwai wata ƙofar gilas da ba a barin kowa ya wuce, da dogon benci a gabanta. Inna tana zaune a ƙarshen bencin ta haɗa kai da gwiwa. Direba yana tsaye, ko rigar aiki bai cire ba, ga alama daga hanya aka kira shi. Ta cikin gilas Auta ta hango Dogo, an rufe masa hanci da baki da abin shaƙar iska, ƙirjinsa na hawa da sauka da sauri kamar wanda ya yi gudu.

Can Likita ya fito, Sista na biye da shi. Gajeren mutum ne mai furfura a gemu, ba ya kwana-kwana.

"Abinci ya shiga huhunsa," ya ce. "Shi ya kawo ciwon. Mun fara magani. Amma akwai abin da nake so in sani, domin a kansa zan yanke shawara. Wa yake ba shi abinci?"

Direba ya nuna Auta da baki. "Ga ta nan. Wadda ba a gayyata ba."

"Yaya, ina kwana," Auta ta ce a hankali.

"Kada ki yaya ni! Lafiya lau na bar ƙanena, yana gane mutane. Kin zo kin maƙale kamar kaska, kin mayar da shi wurin koyon aiki. Ɗinkin ne ya ƙare miki?"

"Malam, nan asibiti ne," Sista ta ce. "Ni na koya mata, kuma ban taɓa kama ta da kuskure ba."

Likita ya ɗaga hannu. "Ku saurare ni da kyau. Hanya biyu ce abinci zai bi ya isa huhu. Ko dai cikinsa ne ya daina karɓar na roba yana dawo da shi sama, ko kuma wani ya ba shi wani abu ta baki. In cikin ne ya ƙi, to dole mu cire robar, mu huda babbar jijiya a nan," ya taɓa gefen wuyansa, "mu riƙa ba shi abinci kai tsaye cikin jini. Ana yi, yana ceton rai. Amma ba na yin sa sai dole, domin ƙofa ce muke buɗe wa ƙwayar cuta har cikin jini, ga shi jikinsa ba ƙarfi. Hanjin da aka bari ba aiki kuma lalacewa yake yi. In kuwa ta baki aka ba shi, to cikinsa lafiyarsa ƙalau, robar za ta zauna, ba ruwana da wuyansa."

Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Akwai wanda ya ba shi wani abu ta baki? Ko ruwa ne, ko cokali ɗaya ne?"

"Wa zai ba shi?" Direba ya ce. "Ga takarda ɓaro-ɓaro a kan gado. Mu ba mahaukata ba ne."

Auta ta dubi Inna. Inna tana kallon yatsun ƙafarta.

"To shi ke nan," Likita ya ce. "Ƙarfe goma sha biyu za mu saka. Kai ne babba? Biyo ni ofis in yi maka bayanin takardar da za ka sa wa hannu."

* * *

Suka rage su biyu a kan benci, tsakaninsu wurin zaman mutum uku. Agogon bango ya nuna sha ɗaya saura kwata.

Auta ta matso. Ta durƙusa a gaban tsohuwar, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, kin ji abin da ya ce."

Inna ta kau da kai.

"Inna, za su huda masa wuya a kan abin da bai faru ba. Cikinsa lafiya lau. Ni nake ja da sirinji kullum, ko sau ɗaya ban tarar da na ɗazu a kwance ba."

"Ai likitoci ne," Inna ta ce, muryarta a dishe. "Sun san aikinsu. Abinci dai abinci ne, ko ta wuya ko ta hanci."

"Ba ɗaya ba ne. Da kunnenki kika ji ya ce ba ɗaya ba ne."

Sai tsohuwar ta fashe da kuka, irin kukan da ba ya fita da sauti, kafaɗu kawai ke girgiza.

"Ke ba ki haifa ba, ba za ki gane ba," ta ce. Maganar ta soki Auta har ƙashi, amma ba ta motsa ba. "Ba gori nake miki ba, wallahi yau ba gori ba ne. Yaron nan tun yana cikina ni nake ci ya ƙoshi. Ran da ubansu ya mutu ya bar min su uku, ban iya karatu ba, ban iya sana'ar kirki ba. Abu ɗaya na iya a duniya, in dafa in ba su. Ko ba komai a gidan sai na san yadda na yi tukunya ta hau wuta. Dogo har ya yi gemu, in ya dawo daga aiki sai na zauna na ga ya cinye sannan hankalina yake kwanciya. Yau ga shi an liƙa min takarda a kan gadon ɗana wai kada in ba shi. Ni! Ina zaune ina kallo wata tana ɗura masa farin ruwa ta hanci kamar ana zuba wa inji mai."

"Abinci ne Inna. Da shi yake raye."

"Kwana goma sha tara bai tauna komai ba! Leɓensa ya bushe ya tsattsage. In na gadon kusa yana cin abinci, haka zai bi kwanon da ido har a cinye. Ke kina can wurin famfo ba ki gani. Ni nake gani. Na ce cokali uku, romo ne tsararo, ko tsoka babu. Na ce wace uwa ce romonta zai kashe ɗanta?"

Auta ta kifa goshinta a kan gwiwar tsohuwar, ita ma kukan ya ƙwace mata.

"Na sani ba da mugunta kika yi ba. Ni ma da laifina. Da na kira Sista jiya, da ba mu kai nan ba. Tashi mu je tare mu faɗa masa. Ni zan fara magana, ke ki tsaya a bayana kawai."

"Ba zan iya ba."

"Inna..."

"Kin ga wansa. Kin ji bakinsa. In ya ji ni ce, har in mutu ba zai sake kallona da idon uwa ba. Ƙanwarsu za ta ji, surukai za su ji, dangin ubansu da suka daɗe suna jiran in yi tuntuɓe za su ji. In yaron nan ya tafi, za a ce ga tsohuwar da ta kashe ɗanta da cokali. Ina zan sa kaina?"

Ta share fuska da gefen mayafi. Sannan ta kamo hannun Auta duka biyu ta riƙe gam, ta sunkuyo har numfashinsu na haɗuwa.

"Saurara. Na ga abin da kika yi masa. Ban makance ba. Ki rufa min asiri, ki bar likitoci su yi abin da za su yi. In Allah ya tashi kafaɗarsa, ni da ƙafata zan je wurin gwaggonki. Na janye a'a ɗina. Na ba ki shi."

Auta ta ɗago kai a hankali.

Shekara uku take mafarkin wannan maganar. Ta sha tsara ta a ranta tana taka keken ɗinki, yadda Inna za ta faɗa, da abin da ita za ta amsa, da irin dariyar da Dogo zai yi. Ga ta yau an miƙo mata a tafin hannu.

"Shekara uku, Inna," ta ce. "Shekara uku ina jira. Sai yau za ki kawo min ita? A nan? A bakin wannan ƙofar?"

"Abin da nake da shi ke nan, shi na ba ki."

"In kuma ƙwayar cutar ta shiga jininsa fa? Wa za ki ba ni?"



* * *

Wata nas ta wuce su tana tura ƙaramin teburi mai taya, an lulluɓe kayan da ke kai da koren ƙyalle. Ta tura ƙofar gilas da kafaɗa ta shige. A bayanta Likita ne da Sista da Direba, takarda a hannun Direba, yana laluben biro a aljihu.

Auta ta zare hannunta daga na Inna. Ta miƙe tsaye. Muryarta ta fita sarai.

"Likita, kada ya sa hannu. Ta baki aka ba shi."

Kowa ya tsaya cak.

"Me aka ba shi?" Likita ya ce. "Yaushe?"

"Romon kaza. Cokali uku. Jiya da la'asar, bayan na huɗu. Ya yi tari sosai har ya yi ja, daga baya ya lafa."

"Wa ya ba shi?" Direba ya daka tsawa. "Wane mara imanin ne?"

Auta ba ta waiwayi benci ba, amma tana jin numfashin tsohuwar a bayanta, gajere-gajere, kamar na akuyar da aka kayar.

"Ni ce," ta ce.

Sista ta zuba mata ido. "Mai ɗinki. Ke da kike matse auduga sau biyu kafin ki goga masa a leɓe, don kada ɗigo ya wuce? Ke?"

"Ni ce, Sista. Tausayinsa ne ya kama ni."

Sista ta daɗe tana kallonta. Sannan idonta ya zarce kan benci, ya dawo.

Likita ya karɓe takardar daga hannun Direba ya ninke ta biyu. "A mayar da kayan," ya ce wa nas ɗin ta bakin ƙofa. "Robar za ta zauna. In numfashinsa ya daidaita gobe mu ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan." Ya juyo ga Auta, ba faɗa a muryarsa, gajiya ce kawai. "Kin kyauta da kika faɗa. Amma da jiya kika faɗa, da mun tare abin tun bai yi nisa ba. Yanzu ban san yadda za ta kaya ba. Kuma daga yau ba ke ba ba shi abinci."

Wannan kam gaskiya ce. Ta gyaɗa kai.

Direba ya matso har tana jin warin man mota a rigarsa. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, hawaye na bin gemunsa.

"Tun farko tsohuwar nan ta ce ba alheri a tare da ke, muka ce tsufa ne. Ashe ita ta fi mu gani. Wallahi in na sake ganin ƙafarki a asibitin nan, sai an kwantar da ke a gadon da ya bari. In kuwa ƙanena ya mutu, ki sani ke kika kashe shi. Fita!"

Auta ta ɗauki jakarta. Ta tsaya daƙiƙa ɗaya a jikin gilas ɗin. Dogo bai buɗe ido ba. Hannunsa na hagu yana kwance a kan zanin gado, a buɗe.

Ta juya ta nufi matakala.

Ta sauka taki shida ta ji takun silifa a bayanta, da haki.

"Tsaya. Tsaya mana... 'yata."

Inna ce, tana dafe da bango. Ta iso ta kama wuyan hannun Auta.

"Me ya sa?" ta samu ta ce. "Me ya sa kika ɗauka?"

"In ya tashi zai buƙaci uwarsa," Auta ta ce. "Ni kam dama a bakin ƙofa nake. Abu ɗaya nake roƙo. Ki rantse min ba za ki sake ba. Ko ya bi kwano da ido, ko ya yi kuka, ko leɓensa ya yi jini. Sai ran da Likita da bakinsa ya ce a ba shi."

"Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

"In an sauko da shi, ki je wurin Sista ki ce ta koya miki. Ba wuya. Rawar hannun za ta daina. Ki riƙa yi masa magana kina zubawa, ya fi karɓa."

Inna ta ƙara matse hannun, tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Inna!"

Direba ne a saman matakala, ya riƙe ƙugu yana kallonsu.

"Me kike yi da ita? Me ya sa kike riƙe da hannunta kina kuka? Akwai abin da ban sani ba ne?"

Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi ɗanta. Ta juyo ta dubi Auta. Ta ja dogon numfashi, har Auta ta ji zuciyarta ta tsaya tana jira.

"Ba komai," Inna ta ce. "Sallamarta nake yi."

Yatsunta suka saki, ɗaya bayan ɗaya.

Auta ta ɗan ƙara tsayawa, ko za a ƙara wata kalma. Ba a ƙara ba. Ta gyara mayafinta, ta kama ƙarfen matakala, ta ci gaba da sauka.